Neman Cibiyar Baba a Damagaram

Abu na farko da na lura da shi da muka sauka a Damagaram shi ne burodinsu. Dogo ne kamar taɓarya, ba leda, ba takarda, mutum ya saya ya cusa a hammata ya kama gabansa. Na ga wani dattijo ya ɗaure guda biyu a bayan kekensa kamar itacen girki. Tun da muka dawo daga hutu Zainab ta Gagarawa da sauran 'yan ɗakinmu suke damuna in ba su labarin tafiyar, ni kuwa kun san halina, in mutum uku suka zuba mini ido sai maganar ta maƙale a wuya. Shi ya sa na rubuta. Ku karanta, ku bar ni in huta.

Bari in fara da dalili, don ba burodi muka je saye ba.

A cikin jirgin sama aka haifi Babana. Lokacin Kaka tana da ƙuruciya, suna kiwo a hayin iyaka cikin Nijar, naƙudar fari ta zo mata da gardama. A zamanin akwai wani ƙaramin jirgi da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa babban asibitin Damagaram, da ma'aikaciyar jinya a ciki. Shi ya zo ya ɗauke ta, kafin su sauka ta haihu. Ba ta san inda kanta yake ba sai bayan kwanaki, da ta farfaɗo ta tambayi inda aka kai mabiyiya, babu wanda ya sani. A wajenmu kuwa ungozoma ke wanke ta ta binne a bayan ɗaki, kuma tsofaffi sun ce ita ke jawo mutum gida duk inda ya shiga a duniya. Ta Baba babu wanda ya san inda take.

Taubasansa Na-Sama suke ce masa. Direban babbar mota ne, yana kai shanu kudu daga Maigatari, in ya zo gida ko takalmi bai gama hucewa ba ya koma. Bana kuma ya ce zai sayar da gonarmu ta Ɗanzomo ya kwashe mu mu koma kudu gaba ɗaya. Har mai saye ya zo ya zagaya gonar yana shurin ƙasa da ƙafa. Kaka ta riga ta ce ita ba inda za ta, ke nan ita kaɗai za a bari.

Kuma ba za ta iya ce masa kada ya tafi ba, don ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya gaishe ta bango take amsa wa. “Wancan” take ce masa. Sai ta yanke shawara ita kaɗai: za ta nemo matar jirgin, ta ji inda aka binne cibiyar, ta ɗebo ƙasar wurin ta kawo gida. A gida ta ce ziyarar dangi za ta. Da aka ce ta tafi da ɗaya daga cikin jikoki, ta nuna ni da haɓa, ta ce da wannan za ta, don ita ce ba ta da baki.

Mun bar gida da safe a kan babur, ni a tsakiya, Kaka a baya riƙe da jallon man shanu, tsarabar matar jirgi. A motar Gumel rana ta soma dukan jallon, man ya narke, duk ramin da muka faɗa sai ɗigo ya sauka a kan rigar wani alhaji da ke kusa da ita. Ni ina gani, na kasa magana. Shi kuma sai shinshina yake yi yana cewa wani ya shigo da tuwo motar nan. Kaka ta dubi taga ta ce lallai mutane ba su da ta-ido.

Kuskurenmu na farko shi ne isa Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa. Muna ratsa kara sai na hango wata babbar mota ana yi mata lodin shanu, madubinta na hagu ɗaure da jan ƙyalle. Ni na yago ƙyallen nan daga tsohon ɗankwalina. Na ja zanen Kaka na nuna mata. Ban taɓa sanin tana da sauri haka ba. Kafin in ƙifta ido ta shige bayan wani raƙumi da ke durƙushe, ta ja ni muka tsuguna. Mai raƙumin ya ɗauka saye za mu yi, ya shiga yabon haƙoransa da ƙafafunsa. Kaka ta bi shi da tambayoyi kamar gaske, shekarunsa nawa, yana cizo, har Baba ya wuce ta gabanmu yana waya bai gan mu ba. Sannan ta miƙe ta kaɗe zane, ta ce wa mutumin raƙuminsa ya cika kallon mutane, ba ta so.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Wani jami'i mai gashin baki ya dubi katin Kaka, ya dubi katina na makaranta, ya tambaye ta 'yar wa ce wannan. Kaka ta ɗaga kai tana kallon rufin kwano. Ya sake tambaya. Ta ce 'yar mutane ce. Ya ce waɗanne mutane? Ta ce mutanen can. Nan fuskarsa ta canza, ya kira abokin aikinsa, na ji suna maganar tsofaffin da ke tsallakawa da 'ya'yan mutane. Aka ce mu koma gefe, direban motarmu ya fara sauke jakarmu. Na dubi Kaka, na ga ta gwammace a kulle ta da ta ce ɗanta ne ya haife ni. Sai na ce, da wata murya da ni ma ban san ta ba:

“Kakata ce, ranka ya daɗe. Babana ɗan farinta ne.”

Sai jami'in ya tuntsire da dariya har da dafa tebur. Ya ce shi ma ɗan fari ne, da gemunsa da komai har yau “kai” tsohuwarsa ke ce masa, ranar da aka ƙara masa girma ma maƙwabta ta yi wa murna. Ya miƙa mana katunanmu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da muka koma mota Kaka ta ce ashe ina da baki, da ta sani da ta ɗauko ƙanwata.

Daga nan hanya ta zama rairayi. Motar buɗaɗɗiya ce, muna zaune a kan buhunan wake, wata akuya tana cin igiyar jakata a hankali. Mutanen can Hausarsu ɗaya da tamu, sai dai babur ɗin haya kabu-kabu ne, makaranta lakwal, kuma gaisuwarsu ba ta ƙarewa, sai sun tambayi gida da gajiya da rana da sauran abin da ka manta kana da shi. Bayan Dungas motar ta kafe. Maza suka sauka turi, aka ce mata ma su sauka a rage nauyi. Kaka ta ƙi, ta ce ita da ta hau jirgin sama babu wanda ya ce ta sauko ta tura. Babu wanda ya yarda da ita a motar, sai wata mata ta raɗa mini wai tun yaushe tsohuwar ta fara haka.

A gidan Goggo Mariyama muka sauka, 'yar ƙanen Kaka, mai sayar da cuku. Cuku nono ne da aka busar ya zama kamar faifai, na sa haƙori na ji kamar na ciji takalmi, sai da aka nuna mini a shayi ake tsomawa. Shayin kuma sau uku ake sha a ɗan ƙaramin kofi, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na shanye don kunya, ashe in ka shanye da sauri ƙara maka ake yi. Shinkafarsu da taliya a kwano ɗaya ake zubawa, miya a kai, burodin nan kuma a gefe, da shi ake share kwano.

Washegari muka tafi asibiti neman labari, muka isa da azahar, muka tarar ofis a rufe. A can in rana ta take kowa sai ya tafi gida ya kwanta, har masu kanti, sai la'asar gari ke farkawa. Da ma abin da Kaka ta riƙe game da matar bai taka kara ya karya ba: tana da wushirya, hannunta da sanyi, tana ƙamshin sabulun asibiti. Goggo Mariyama ta ce mu bar ofis, akwai suna a unguwarsu, a can ake samun labari. Ta jefa tambayar a tsakiyar mata ana rabon fanke, kafin a gama rabon an ce ai Madam Hadiza ce, Madam Jirgi, tana nan da ranta a bayan tsohuwar kasuwa.

Mun same ta a tsakar gida a kan wata kujera mai ɗamara, ta ce ta jirgin ce, da aka daina aiki ta roƙa aka ba ta, yanzu in jikanta ya yi ƙiriniya a ciki take ɗaure shi. Na nemi wushiryar ban gani ba, ta yi faɗi har ta cinye haƙoran gaba duka. Amma da ta kama hannuna na ji sanyin nan.

Kaka ta ajiye abin da ya rage na man shanu, aka gaisa, sannan ta ce wai wata yarinya ce ta taɓa haihuwar wani yaro a sama, shi ne aka aiko ta tambaya. Madam ta dube ta, ta dube ni. Na ce yarinyar ita ce Kaka, yaron kuma Babana.

Madam ba ta amsa nan take ba, sai da ta ba mu tarihin jirgin tun daga tushe, don ta ce an daɗe ba a tambaye ta ba. Ta ce bayan shekarun fari aka kawo shi, lokacin babu kwalta, mai naƙuda a kan amalanke ake ɗauko ta, da yawa a hanya suke cikawa. Jirgi ɗaya ne, kujerunsa ba su fi na ƙaramar mota ba, da matuƙi wani Bature mai jan gemu, da oba-oba a wasu garuruwa don kira. Kowane gari shi ke share filinsa, a tumɓuke kututture, a cike ramukan gafiya. In an ji ƙarar jirgi sai a hura hayaƙi matuƙi ya ga inda iska ke kaɗawa, a shimfiɗa farin zane, a kori jakuna. Wani mai gari ya ga fili ya yi kyau, da damina ta faɗi ya shuke shi da gero, suka zo suka yi ta kewaya a sama suna kallon amfanin gona.

Da farko ma'aikatan jinyar duk maza ne, sai magidanta suka ce ba za a tashi sama da matansu ba babu mace a ciki. Shi ne aka nemi wadda za ta shiga, kowa ta noƙe, ita kuma tana ƙarama a wurin aiki aka tura ta. Ta ce shekarar farko ita da marar lafiya ba a san wa ya fi wani jin jiki ba, kwano biyu take shiga da shi, ɗaya nata. A cikin jirgin babu wurin miƙewa, a durƙushe take aiki, ƙarar inji ba ta barin a ji bugun zuciya, sai ta koyi ji da yatsu. Dangi kuma kowa so yake ya bi, an taɓa kawo mata rago wai ya raka mai shi. Daga baya aka yi hanyoyi, motocin asibiti suka yawaita, jirgin ya tsufa, Baturen ya koma garinsu, aikin ya mutu babu ko sallama.

Sannan ta juya ga Kaka ta ce ta tuna ta sarai, don a duk matan da ta ɗauka ita kaɗai ce ba ta yi ko uhum ba, har ta riƙa mintsininta don ta tabbata da rai. Ta ce sau ɗaya tak ta buɗe baki, suna tsakiyar sama, ta damƙe mata hannu ta ce, “In ɗaya za a ceta, ki ceci ɗan.”

Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, “Zafin ciwo ne. Ban san na faɗa ba.”

Madam ta ce ita ma 'yar ƙauye ce, ta san ba a yar da mabiyiya. Da aka rasa abin sakawa ta karɓe kwanon abincin Baturen, ta ajiye ta a akwatin sanyi na allurai. Da jirgin ya sake komawa garin da aka ɗauko Kaka, ta nemi dangi aka ce rugar ta tashi, sai ta wanke ta da kanta ta binne a gindin wata aduwa a ƙarshen filin. Kaka ta tambaya ko filin na nan. Madam ta ce yana nan mana, ai shi ne tashar motar garin yanzu, manyan motoci ke kwana a wurin.

Sai Kaka ta ce, a hankali, to ai shi ke nan, ba laifin wancan ba ne.

Garin yana kan hanyarmu ta dawowa, muka sauka. Aduwar na nan, sai dai wani mai faci ya kafa sana'arsa a gindinta, da bahon ruwansa daidai inda Madam ta kwatanta. Kaka ta tsuguna ta fara tono da cokali ba ta ce wa kowa komai ba. Mai facin ya yi tsalle ya ce asiri za a binne masa, dama tun jiya ƙafarsa ke masa zafi. Kafin ka ce kwabo direbobi da 'yan kamasho sun kewaye mu. Kaka ta rufe fuska ruf, ta zungure ni da gwiwar hannu.

Ni da ko karatu a gaban aji ba na iyawa, na tsaya a tsakiyar tasha na ba da labarin tun daga naƙuda har kwanon Bature. Da na kai inda cibiyar take, wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce lallai a duba da kyau, tasa ma tana nan, don matarsa ta ce ta manta kamanninsa. Mai facin da kansa ya janye bahon, ya kawo shebur, ya ce mu ɗiba da yawa ko Allah ya sa shi ma ya samu ya koma garinsu. Muna ƙulle ƙasar a leda sai wani direba mai hular sanyi ya matso ya ce, wanda aka haifa a jirgi, ba Na-Sama na Maigatari ba ne? Ya ce tare suke lodi. Na ji Kaka ta yi salati a cikin mayafi.

Labarin ya riga mu isa Najeriya. Mun dawo Kaka ta haƙa rami a bayan ɗakinta ta zuba ƙasar, ta yayyafa ruwa, ta ɗora dutse, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Bayan 'yan kwanaki da la'asar muka ji tsayuwar motar Baba. Ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa wa bango kamar kullum. Amma bai tashi da wuri ba. Na lura yana ta juya makullin mota a hannu, ya sa a aljihu, ya fito da shi, ya sake mayarwa.

Da na kai masa ruwa a zaure ya ce in tsaya. Bai dube ni ba, ya ce a kara an hana shi sakat, kowa sai ya ce masa ɗan tasha. Ya tambaya ko gaskiya ne tsohuwa ta je har Damagaram. Na ce gaskiya ne. Ya ce saboda me? Na ga da gaske bai sani ba, ko kuma so yake wani ya faɗa masa da baki. Sai na gaya masa abin da Madam ta ce Kaka ta faɗa a tsakiyar sama. Ya riƙe kofin bai sha ba. Daga cikin gida na ji Kaka ta daina dakan da take yi.

Ban sani ba ko ƙasar tasha tana da ƙarfin riƙe mutum, kuma mai sayen gonar ya ce zai dawo bayan kasuwa. Don haka na durƙusa sosai, na ce:

“Baba, don Allah kada ka sayar da gonar. Ita ba za ta iya roƙonka ba, shi ya sa ni nake roƙo.”